Ruwan da Na Gani a Gilashi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, kafin in ajiye alli, wani ɗalibi ya ɗaga hannu, ya kira ni yadda ake kiran malami da Faransanci, ya ce, "Mushe, ai wannan aikin naku yanzu ordinata, kwamfutar nan, ke yin shi. Ka zuba mata lambobi, ta tace, ta ba ka amsa." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi. Ban ji haushi ba, don saurayin yana da kai, kuma rabin maganarsa gaskiya ce. Sauran rabin ne nake so in rubuta muku, ku da kuka zo kuka tarar an share hanya har kuna tsammanin haka Allah ya halicce ta.

Sana'ar tamu, in ka tuɓe mata manyan sunayen Faransanci, abu ɗaya ce. Saƙo ya taso daga wani wuri, ko murya ko hoto ko lambobi, ya sha wuya a hanya, ya iso a cakuɗe da hayaniya. Aikinka ka raba saƙon da hayaniyar. Da na dawo daga karatu, marigayiya mahaifiyata ta ce in gaya mata abin da ya riƙe ni shekara da shekaru a ƙasar mutane. Na yi ta bayani, tana jinjina kai. Da na gama sai ta ce, "Ashe duk tahiyar nan bakace ka tai koyo? Ai da ka hwaɗi, da na ba ka faifai." Na koyar da wannan ilimi shekaru masu yawa, ban sami wanda ya taƙaita shi kamar ta ba.

Rediyon farko da na buɗe na wani mai fataucin shanu ne, a rumfar Malam Tunau mai gyaran rediyo a kasuwar Cadawa. Ni ɗan wani ƙauye ne a yankin Gidan Sori, amma lokacin ina lakol, wato makaranta, a Maraɗi, in an yi hutu wurin kawuna nake zuwa a Cadawa, shi ya haɗa ni da Malam Tunau. Kayan aikinsa duka ba su cika kwalin sukari ba: ƙarfen like da ake ɗorawa a garwashi, da dunƙulen dalma, da turnabis biyu na kwance ƙusa, ɗaya ma ƙotarta ta karye an ɗaure da roba, da gashin zabo na share ƙura, da wani mita mai allura da sai an ƙwanƙwasa shi yake farkawa. Wata guda cur bai bar ni na taɓa ko ɗaya ba. In an kawo rediyo sai ya kunna, ya murɗa zuwa inda babu tasha, ya kara mini a kunne.

"Mi ka ji?"

"Shuuu kawai nake ji, Malam."

"Kai ma shuuu ɗin ne. Ƙara saurare."

A hankali kunnena ya buɗe. Akwai shuuu na batirin da ya gaji, mai ja da baya kamar numfashin tsoho. Akwai na tsatsa, wanda ke sauyawa in ka girgiza akwatin. Akwai na wayar da ta kusa tsinkewa. Na mai shanun nan kyankyasai ne suka yi gida a ciki, gashin zabo kaɗai ya gyara shi, amma sai da Malam Tunau ya bar mutumin ya zagaya kasuwa ya dawo, don kada ya raina aikin. Akwai kuma wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, wadda ba daga cikin rediyon take ba. In ya ji ta sai ya ce wa mai tsiren da ke maƙwabtaka da mu, "Ka rage hura wuta, hadari na tahowa." Sama tas, ba ko gajimare. Kafin la'asar sai ka ga gabas ta yi baƙi. Walƙiya ce daga nesa take shiga rediyon, amma ni a lokacin na ɗauka Malam yana da wani asiri. Tun daga rumfar nan abin ya zauna mini, cewa ruwan sama da iskar da ke ɗauke da saƙo suna da wata hulɗa.

Karatun ƙasar waje ba zan cika ku da labarinsa ba, sanyi ne da lissafi. A can na fara ganin akwatin gilashin nan mai zana sauti da koren zare, ranar kuwa na tsaya baki buɗe, don ga abin da Malam Tunau ke ji da kunne ya fito a fili kowa na gani. Malamata a can wata dattijuwa ce da ba ta yarda ka taɓa na'ura sai ka yi lissafin da hannu a takarda. Na tsane ta shekara biyu, na gode mata sauran rayuwata.

Da na dawo gida aka ba ni aji da buro, wato ofis, amma ba a ba ni kayan bincike ba. Sai na mai da ƙauyuka ɗakin gwajina. Wani gidan rediyon karkara a wajen Gazawa ya taɓa kira na, wai muryar mai gabatarwa tana gurnani kullum da hantsi, da rana kuma ta warke. Na kwana biyu ina bin wayoyi, na canja abin da zan canja, gurnani na nan. A rana ta uku wata mai sayar da ƙosai a ƙofar gidan ta ce, "Malam, ai in Ɗan Ladi ya tada injin niƙa ne rediyon ke mura." Kuran ɗinsu, wato wutar lantarki, ɗaya da mai injin. Na raba musu waya, na ci ƙosai, na koma Maraɗi ina ba abokan aiki labari muna dariya. Da na riƙe darasin matar nan da kyau, da abin da zan ba ku labarinsa bai faru ba.

Babban aikina, wanda ya kai ni kujerar farfesa, shi ne auna ruwan sama ba tare da kwanon awo ba. Ga yadda yake. Ka ɗaura faranti biyu na anten, wato eriya, a wurare masu tsawo, ɗaya na kallon ɗaya, tsakaninsu tafiyar rabin yini a amalanke. Wannan ya riƙa aika wa wancan saƙo ba dare ba rana. In sama tas take, saƙon ya isa da ƙarfinsa. In ruwa ya sauka a tsakaninsu, ɗigon ruwan ya sha wani abu daga ƙarfin, saƙon ya isa a raunane. A gilashin ordinata sai ka ga zaren da ke tafiya a miƙe ya lotsa ƙasa. Zurfin lotsawar da daɗewarta su ke gaya maka yawan ruwan. Da faɗa kam da sauƙi. Amma zafin rana ma na lotsa zaren, iska in ta kaɗa faranti ta lotsa shi, raɓa ma haka. Shekaru na yi ina koya wa na'urar bambanta ruwa da waɗannan, ina gwada abin da ta ce da kwanonin awo da na rarraba wa malaman lakol na ƙauyuka.

A kan shato nake ɗaura farantan, wato manyan tankunan ruwan famfo na ƙauye, don su suka fi komai tsawo. Na hau tsanin shato da babbar riga sau ɗaya, ban sake ba. Layi biyu ne suka fi aiki sosai: ɗaya a yamma, ya ratsa ta kan ƙauyenmu a yankin Gidan Sori, ɗaya a gabas, wajen Sae Sabuwa. Kowane faranti da mai kula da shi, yawanci mai kula da famfon ne, yana share ƙurar fanon hasken rana da ke ba shi wuta. Lambobin kuwa ta rezo, wato layin wayar salula, suke zuwa har teburina a Maraɗi. Ina zaune ina shan shayi sai in ga an yi ruwa a inda ban taka ba. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina.

Sai aka yi shekarar da damina ta yanke hatsi na cikin fitar da kai. Rumbuna suka wofinta tun sanyi bai wuce ba. Kafin bazara mutane da yawa sun ci irin da suka ɓoye, kuma duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a taɓa iri sai an kai bango. Ƙungiyar manoman yankin ta yi ta fafutuka har ta samo irin hatsi mai saurin nuna, kamiyo ɗaya, wato cikin babbar mota guda. An ce wani kamiyon na tafe, amma ba wanda ya san ranar zuwansa. Kwamitin ya yanke shawara ba za a raba irin tun da wuri ba, don mai jin yunwa ba ya ajiye hatsi a ɗaka yana kallo. Za a riƙe shi a sito, duk ɓangaren da aka fara yi wa ruwan shuka, can kamiyon zai nufa nan take. Ƙasarmu rairayi ce, laima ba ta jira. Kwana biyu, in an yi sa'a uku, in iri bai shiga rami ba sai a jira wani ruwan.

Shugaban kwamitin, Alhaji Nomau, dattijo ne mai tsoron a zarge shi. Ya same ni har buro ya ce, "Farfesa, ran da anka yi ruwa kowa zai kira ya ce gonarshi ta zama tabki. Ni ba ni iya rarrabe mai gaskiya. Injinka ba shi da dangi, ba shi da surukai. Abin da ya ce shi za mu bi." Na ji daɗin maganar nan fiye da duk wata takardar yabo da aka taɓa ba ni. Na amsa masa ba tare da na ce bari in yi tunani ba.

Ranar wata Litinin da la'asar hadari ya taso. Na zauna gaban gilashi ina kallo. Zaren yamma ya lotsa, lotsawa mai kyau, na kusan awa ɗaya, sannan ya miƙe. Na gabas kuwa ya faɗi ƙasa warwas, ya ƙi tashi har aka yi magariba aka wuce. Ban taɓa ganin irinsa ba. A lissafina, gabas ta sami ruwan da ya ninka na yamma nesa ba kusa ba.

Talata da sassafe wayata ta yi ƙara. Yaya Tsahara ce, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya ni, ta kuma riƙe gonar gidanmu tun rasuwar mijinta. Har na yi furfura ba ta daina ce mini Auta ba.

"Auta, an yi ruwa. Na tai gona da asuba, na tona har gwiwar hannu ban iske busasshiya ba. Ka gaya ma Alhaji Nomau a kawo iri."

"Yaya, na gani. An yi muku ruwa, amma na Sae Sabuwa ya fi naku sosai."

"Wa ya hwaɗa maka?"

"Na'ura ta nuna."

Sai ta ce, "Na'urar taka ta taɓa tona ƙasa?"

Na yi dariya, na ce ta yi haƙuri, kamiyo na biyu na nan tafe. Gaskiyar magana, ba na'urar kaɗai na bi ba. Na ji tsoron a ce farfesa ya karkata mota zuwa garinsu. Da wani ne can daban ya ce mini ya tona har gwiwar hannu, da na tsaya na bincika. Amma da yake yayata ce, sai na ga ƙin yarda da ita shi ne adalci. Mutanen gabas ma sun kira Alhaji Nomau sun ce an yi musu ruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba, don ga wanda ya ci irinsa yayyafi ma ruwa ne. Na kira mai kula da farantin gabas sau biyu, rezo bai shiga ba, ban sake nema ba. Aka wuni ana taro da lodi. Na sa hannu a takarda, aka ce Laraba da safe kamiyo zai tashi zuwa gabas.

Na ce zan bi su, wai in ga aikin hannuna. Ina gaba kusa da direba, Alhaji Nomau a gefena. Tun da muka bar kwalta na fara leƙa ƙasa ta taga. Tayoyin na tada ƙura. Na ce a raina gaba ne aka yi ruwan. Muka yi gaba, ƙura na bin mu. Har muka shiga ƙauyen da shato yake, ban ga kududdufi ko ɗaya ba. Mutane kuwa sun cika dandali, maza da mata, kowa da buhunsa ko ƙwaryarsa, sun yi layi tun hantsi. Da suka hango kamiyo mata suka rangaɗa guɗa.

Ban tsaya gaisawa ba, na wuce gindin shato na ɗaga kai. A kan dogarin ƙarfen da na ɗaura faranti, daidai bakinsa, ga wata ƙatuwar sheƙa ta ƙirare da tsummoki da ciyawa, ga shamuwa a zaune a kai tana kallona.

Mai kula da famfon, Malam Sambo, dattijo ne daga gidajen Fulanin da suka daɗe da ajiye sanda suka kama noma. Ya iso da fara'arsa yana miƙo mini hannu biyu.

"Malam Sambo, wannan fa?"

"Baƙuwa ce ta sauka, Farfesa, yau kwana goma. Duk itatuwan garin nan ta bari ta zaɓi naka. Ai ka yi arziki."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Me ya sa ba ka cire ta ba?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "In cire gidan shamuwa? A bakin damina? Kai ma ɗan ƙauye ne fa. Fanon ka ce in share, kullum ina share shi."

Gaskiyarsa. Ni ma da ina ƙarami ko tsakuwa ba mu isa mu jefi shamuwa ba, ita ce mai albishir da damina, gidan da ta zaɓa kuwa murna ake yi. Nan take lissafin ya warware mini. Yayyafi aka yi musu ranar Litinin, wanda ko ƙura bai kwantar ba sosai. Amma ya jiƙa tsummokin sheƙar, jiƙaƙƙen tsumma a bakin faranti kuwa ya sha saƙon har sai da ya bushe. Abin da na gani a gilashi na kira shi ruwan shekara, sheƙar tsuntsuwa ce ta jiƙe.

Na taɓa tsayawa gaban manyan malamai na kare bincikena ban ji ɗar ba. Ranar nan daban ce. An riga an sauke ƙyauren kamiyo, an fito da tiya za a fara awo. Na ce wa Alhaji Nomau a dakata. Na je gaban mai gari, na cire hula, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji: na yi kuskure, ruwan shuka a yamma aka yi shi, yau kwanansa na uku, in motar nan ba ta juya yanzu ba, can laima ta tafi, nan kuma babu ita. Dandali ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce abin da ya shigo gari ya shigo ke nan. Wata mata ta rungume ƙwaryarta ta fashe da kuka, ban ga laifinta ba, har yau ina ganin fuskarta.

Mai gari ya tashi da sandarsa ya nufi gonar da ke bayan masallaci, jama'a na biye. Ya durƙusa da ƙyar, ya tura hannu cikin ƙasa, ya damƙo, ya buɗe tafinsa. Rairayin ya zube ta tsakanin yatsunsa. Ya juya ya ce, "In munka amshe shi yau, cikin tukunya za shi, kun sani na sani. Can kuwa ƙasa za shi. Ku bar mota ta tahi. Allah da ya ba su bai manta da mu ba." Sannan ya dube ni ya ce, "Kai kuma mai da hularka, rana na dukanka." Na ga alheri a rayuwata, amma ban ga wanda ya kai na mutanen nan da suka naɗe buhunansu wayam suka buɗe wa kamiyo hanya ba.

Hanyar komawa ta ci mu. Muka kafe a rairayi sau biyu, har da ni a turi. Sai bayan la'asar muka shiga ƙauyenmu. Aka raba iri kafin duhu, amma shuka sai Alhamis, kwana na huɗu. Yaya Tsahara ta ba ni ruwa, ta ba ni tuwo, da gari ya waye ta miƙo mini sungumi ta ce, "Farfesa, bismilla." Ranar kaɗai ta taɓa kira na da wannan suna, kuma na san abin da take nufi. Ina gaba ina sara, tana baya tana jefa iri tana rufewa da diddige. Rabona da sungumi tun ina saurayi. Kafin hantsi tafina ya yi bororo ya fashe, layina kuwa ya karkace har maƙwabta suna leƙowa suna dariya. Gonarmu a kwari take, in na sara ina ganin ƙasa mai duhu a ƙasan ramin.

Gonar da ke sama da tamu, a kan jigawa, ta Arzika ce, maƙwabcin Yaya, mutum mai iyali da yawa da ɗan sa guda da ke ja masa amalanke. Ina jin saransa, ina kuma ganin farar ƙasa na tashi daga bakin sungumin. Ya shuka duk da haka, don ba a mai da iri gida. Da aka kwana biyar, namu ya tsiro, na duk masu kwari ya tsiro. Na jigawa ya yi tsiro jefi-jefi, rana ta ƙone shi kafin ruwa na biyu. Da motar ta iso ranar Talata, ko Laraba da safe, da nasu ma ya kama. Wannan ba sai na'ura ta gaya mini ba.

Mutanen gabas Allah ya dube su, kamiyo na biyu ya riga ruwansu isowa. Sheƙar kuwa ban taɓa ta ba. Na jira har 'ya'yan suka yi fiffike suka tashi, sannan na ɗaga farantin sama da kamu biyu. Na koma kan lambobin ranar nan na yi wata da watanni ina duba su, har na gano cewa lotsawar ruwa tana rawa, tana hawa tana sauka yadda ruwa ke ƙaruwa yana raguwa, ta jiƙaƙƙen abu kuwa faɗuwa take yi lokaci ɗaya, sannan ta riƙa tashi sannu a hankali yadda tsumma ke bushewa. Na rubuta yadda za a bambanta su. Cikin duk rubuce-rubucena shi aka fi karantawa, kuma wannan tacewar da ɗalibina ya ce ordinata na yi da kanta, wani yanki nata daga nan ya fito. In kun danna ta ba ku amsa cikin ƙiftawar ido, ku sani akwai gonar da ta biya kuɗin karatun.

Da kaka na koma ƙauye. Yaya ta sami abin da ta samu, ta ware mini dami ɗaya wai daga karkatattun layukana ne. Ita ta gaya mini Arzika ya sayar da sansa tun tsakiyar damina ya ciyar da gida, amalanken na jingine a bango, manyan 'ya'yansa biyu sun tafi ci-rani tun ba a yi girbi ba. Na ce zan je in same shi. Ta ce, "Tahi. Amma kada ka kai mishi dogon turanci."

Na same shi a jigawar yana roron ɗan waken da ya shuka daga baya. Muka gaisa, ya tambayi iyali da mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce na zo ne in roƙi gafararsa, ni na juya motar nan, ni na jawo masa. Ya bar ni na gama tsaf.

"Ruwa na Allah ne, Farfesa," in ji shi. "Da ya so, da ya ƙaro wani bayan kwana biyu. Na yahe maka duniya da lahira." Ya jefa wake cikin kwando. "Amma ina da tambaya. Baɗi in anka yi ruwa, ni za ni tona, in kira ka."

"Ka kira, Malam Arzika. Ko ina cikin aji zan ɗauka."

"A'a, ɗauka kam ai ka ɗauki ta Tsahara." Ya miƙe tsaye ya dube ni. "Cewa na yi, za ka yarda?"

Da ƙyar na ce zan yarda. Ya daɗe yana kallon idona, sannan ya tura kwandon zuwa tsakaninmu ya sunkuya. Na naɗe hannun riga na kama kunyar da ke kusa da tasa, muka yi ta roro har aka kira azahar.